Kama jirgin ɗaukar hoto da hannu: wa ya kamata ya kama, kuma ta yaya?

  

Tun da kaka ta shigo aka fara bukukuwa, saƙonnin murya da kuke aiko mana ta WhatsApp suna yawan taɓo magana guda: ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda samari ke kira duron, wasu kuma su ce kurman jirgi ko jirgi maras matuƙi. Mun yi maganarsa a cikin shiri, sai da yawanku suka ce a rubuta, domin a samu abin tura wa yara da masu sana'ar bidiyo. To ga shi mun rubuta.

Abin da ya ta da maganar, muna wurin ya faru. Ɗaurin aure ne a wani ƙauye nan kusa da mu. Mai bidiyo ya gama zagayen farko, ya kawo jirginsa, ya miƙa hannu ya karɓe shi a sama kamar mai karɓar tantabararsa. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka yi ta tafi. Da ya sake tada shi wajen rakiyar amarya, ya sauko da shi ƙasa-ƙasa don ya ɗauki fuskoki, sai wani saurayi cikin abokan ango ya daka tsalle ya kai masa cafka. Yatsu biyu suka tsage, jini ya wanke sabuwar shadda, jirgin ya faɗi cikin rairayi ya karye. A bisa moto aka kai yaron likita aka yi masa ɗinki. Allah ya taƙaita abin bai samu ido ba, amma ya yi makonni bai iya riƙe hauya a lambu ba, kuma har yau ana ja-in-ja tsakanin gida biyu kan wa zai biya jirgin mutane.

Mutum biyu suka kai hannu ga jirgi guda a yini guda, ɗaya ya sha guɗa, ɗaya ya sha ɗinki. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da muke so mu bayyana yau.

Wane irin jirgi muke nufi?

Mu fara rarrabewa, don kada a haɗa. Akwai manyan jirage marasa matuƙa na soja, irin Bayraktar TB2 da Nijar ta saya daga Turkiyya, wanda faɗin fukafukansa ya kai mita 12, kuma sai da filin jirgi yake tashi. Akwai kuma na aikin awo da taswira. A 2016 hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta yi amfani da wani jirgi da ɗan ƙasarmu Aziz Kountché ya ƙera, aka ɗauki hoton sansanonin Sayam Forage da Kablewa a jihar Diffa. Waɗannan duka ba su ne a gabanmu yau ba.

Namu shi ne ƙarami mai farfela huɗu da kyamara a gaba, wanda ake gani wajen biki, kokowa, hawan salla ko naɗin sarauta. Akasarinsu ƙirar kamfanin DJI ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Samfurin Mini nauyinsa giram 249 ne, wato rabin ledar ruwan sha ta rabin lita. Mavic 3 ya kusa giram 900. Phantom 4, farin nan mai ƙafafu, ya kusa kilo 1 da giram 400. Batirinsu kan yi kamar minti 30 a sama, wani ya fi haka kaɗan, wani bai kai ba.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Farfelar nan ta roba ce, amma tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma bakinta siriri ne. In tana gudu ido ba ya ganinta sosai, sai ɗan hazo-hazo, shi ya sa mutum ke ɗauka akwai wurin sa hannu alhali babu.

Jirgin bai san hannu ba

Nan ne gishirin maganar, jama'a. A cikin jirgin akwai ƙaramar kwamfuta, aikinta guda: ta tsayar da shi daram inda aka ce ya tsaya. Tana amfani da GPS, wato saƙon tauraron ɗan Adam, da kuma wasu ƴan idanu da ke ƙarƙashin cikinsa masu kallon ƙasa. In iska ta ture shi hagu, sai ta ƙara wa injuna wuta ya dawo dama. In wani abu ya ja shi ƙasa, sai ta ƙara wuta ya koma sama.

To ita kwamfutar ba ta bambance iska da hannun mutum. Ka kama shi ka ja, a wurinta guguwa ce ta taso, sai ta saki ƙarfin injuna huɗu gaba ɗaya. Kai kana ja, shi yana fizgewa, ya karkace, farfela ta samu yatsa ko wuyan hannu. In ka tsorata ka sake shi a lokacin, ya fita da ƙarfi ya nufi duk inda ya karkata, ko fuskarka ko ta wanda ke kusa da kai.

Abu na biyu, idanun nan na ƙasa. In ka ɗago hannu da sauri daga ƙarƙashinsa, yana ɗauka ƙasa ce ke tasowa, sai ya ƙara sama don kada ya buge ta. Wanda bai sani ba sai ya bi shi da hannu, ya yi ɗage, ya yi tsalle, daga nan tsautsayi ya samu ƙofa.

Mai bidiyon nan da ya sha guɗa, rimot yana hannunsa. Shi ya ba jirgin umarnin sauka, jirgin ya zo ya zauna a hannunsa, ya kuma kashe injin. Saurayin kuwa ya kai hannu ga jirgin da aka umarta ya ci gaba da tashi. Iyakar bambancin ke nan.

Ko gwanaye yana yanka su

Kada wani ya ce ai rashin iyawa ne na ƴan ƙauye. Ranar 30 ga watan Mayu na 2015, shahararren mawaƙin nan ɗan ƙasar Sifaniya, Enrique Iglesias, yana wasa gaban dubban mutane a birnin Tijuana na ƙasar Meziko. Ya saba kama jirgin da ke ɗaukar wasansa, ya juya kyamarar ga fuskarsa da ta ƴan kallo. A wannan dare farfela ta yanke masa yatsun hannun dama. Ya ƙarasa wasan da hannu a naɗe yana jini, daga baya aka kai shi Los Angeles a Amurka aka yi masa tiyata. Mutum ne mai kuɗi da ma'aikata da likitoci, kuma ba ranar ya fara ba.

A wannan shekarar dai, a Ingila, wani yaro da bai kai shekara 2 ba ya rasa ido ɗaya. Wani abokin gidansu ne ke tuƙa jirgi, ya taɓa itace ya kauce, farfela ta samu yaron a ido. Shi yaron ko hannu bai kai ba, yana kusa ne kawai. Gani ga wane, Hausawa suka ce, ya ishi wane tsoron Allah.

To me ya sa ake kamawa da hannu?

Tambaya ce mai kyau, kuma masu sana'ar suna da hujja. Ƙasarmu rairayi ce. In jirgi ya zo sauka, iskar farfelarsa na ta da ƙura da yashi. Injunansa a buɗe suke, kuma akwai maganaɗisu a ciki, yana jawo ƴan ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin yashi su maƙale. Mariƙin kyamara, abin nan da ke hana hoto rawa, yana da laushin aiki ƙwarai, ƙwayar yashi guda na iya sa shi ya cije. Gilashin kyamarar ma yana karcewa. Samfurin Mini kuwa cikinsa dab da ƙasa yake, ƴar ciyawa ko tushiyar gero ta isa ta taɓa farfela.

Akwai kuma wuraren da babu wurin sauka ko kaɗan: cikin fadamar gulbin Gabi da damina in ƙasa ta zama taɓo, ko cikin kwale-kwale a tafkin Madarunfa. A irin wannan wuri hannu ne ya rage. Ga shi kuma kayan gyara ba a kasuwarmu suke ba, sai an aika Maraɗi ko Kano ko ma gaba. Saboda haka mai jirgi na tsoron yashi, kuma yana da gaskiya.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wani lokaci ba yashi ake gudu ba, burgewa ake nema. Jirgi in ya lalace ana sayen wani, yatsa kuwa ba a kasuwa yake ba.

Tabarma ta fi hannu

Kafin mu zo ga yadda ake kamawa, ga hanyar da ta fi sauƙi, wadda kowane gida ke da kayanta. A samu tabarma ko darduma mai kauri, a shimfiɗa a fili nesa da taro, a danne kusurwa huɗu da duwatsu ko bulo don iskar jirgin kada ta ɗaga ta. Faffaɗan katako ma ya yi. In akwai ruwa, a ɗan yayyafa kewaye don ƙura ta kwanta. Akwai kuma shimfiɗar sauka ta musamman da ake sayarwa tare da kayan jirgin, mai naɗewa ta shiga jaka.

Abin da za a kiyaye: kada a tada shi daga kan mota, ko ƙyauren ƙarfe, ko kwanon rufi, ko daɓen siminti mai rodi a ciki. Ƙarfe na rikita kamfas ɗin jirgin, abin da yake gane gabas da yamma da shi, in ya rikice kuwa jirgin kan yi ta kewaye ko ya kauce hanya.

Duk inda za a iya shimfiɗa tabarma, to babu dalilin sa hannu.

In ya zama dole, ga yadda ake yi

Wannan sashe na masu jirgi ne da mataimakansu. Sauran jama'a ku karanta don ku gane abin da kuke gani, ba don ku gwada ba.

Na farko, shirya jikinka. In babbar riga ce a jikinka, cire ta. In hannun rigarka mai faɗi ne, naɗe shi. Rawani, gyale, hijabi mai faɗi, carbi a wuyan hannu, wayar sauraro da ke lilo, duk iskar farfela na iya ɗaga su ta naɗe. Sa tabarau, ko na rana ne. Rataya rimot a wuya da igiya, domin hannu ɗaya kawai zai rage maka a kansa.

Na biyu, zaɓi wurin tsayuwa. Fili mai kyau, babu rami ko kututture da zai sa ka tuntuɓe, babu reshe ko wayar lantarki a sama. Mutane su ja baya kamar taku 10, ka sa babban mutum guda ya tsare yara. Ka juya wa iska baya, yadda in ta ture jirgin za ta nisanta shi da kai, maimakon ta kawo maka shi a fuska.

Na uku, kawo jirgin a hankali, ka juya shi ya ba ka baya, kyamara na kallon inda kake kallo. Dalili shi ne, in yana fuskantarka, hagunsa ya zama damanka, ka tura sanda don ya kauce sai ya nufo ka. In ya ba ka baya, hagu hagu ne, dama dama ce. Ka tsayar da shi a gabanka, sama da kanka kaɗan, nisan hannu a miƙe. Ka saki sanduna ka dube shi na ƴan daƙiƙoƙi. In yana tsaye cak, madalla. In yana yawo da kansa, fasa kawai, nemi tabarma.

Na huɗu, kai ne za ka taka ka je ƙarƙashinsa daga baya, kada ka tuƙo shi zuwa jikinka. Miƙa hannun dama, tafin hannu na kallon sama, yatsu a haɗe, kamar rabin mita ƙasa da cikinsa. Muka ce hannun dama saboda a yadda akasarin rimot ke zuwa daga kamfani, sandar hagu ce ke hawa da sauka, don haka babban yatsan hagu na da aiki. Ka kau da fuskarka daga layin farfela, kada ta zo daidai da idonka.

Na biyar, ja sandar hagu ƙasa ka riƙe. Jirgin zai ɗan tsaya yana duba abin da ke ƙarƙashinsa, sannan ya fara saukowa a hankali. Hannunka ya tsaya inda yake. Kada ka ɗaga shi ka tarye shi, kada ka bi shi in ya goce. Shi zai zo.

Na shida, da ya taɓa hannunka, riƙe cikinsa daga ƙasa da babban yatsa a gefe ɗaya, sauran yatsu a ɗaya gefen, kamar yadda ake riƙe kwalba a kwance. Ko yatsa guda kada ya haura saman jikin jirgin. In Phantom ne mai ƙafafu, ƙafar baya ake kamawa, a sandar da ke tsaye. Zai ɗan yi gurnani, al'adarsa ce. Kada ka ja shi, kada ka sauke hannu, kada ka yi tafiya da shi. Ci gaba da danne sandar hagu har injuna su mutu, abin ƴan daƙiƙoƙi ne.

Na bakwai, jira farfela huɗu su tsaya cak kafin ka sauke hannu. Sannan ka kashe jirgin, daga baya rimot. Ka kula, cikinsa da injunan na da zafi bayan tashi.

In ku biyu ne ya fi kyau: ɗaya na riƙe da rimot da hannu biyu, ɗaya na karɓa. Amma ku yi magana tun kafin a tashi. Mai karɓa ya ce “na riƙe”, mai rimot ya ce “na kashe”, kuma ba a sauke hannu sai an ga farfela ta tsaya. Wanda zai koya, ya fara da jirgi a kashe, ya saba da inda yatsunsa za su zauna, sannan ya gwada da safe a fili lokacin da iska ke kwance, babu ƴan kallo. Ranar biki ba ranar koyo ba ce.

Dabarar kifewa

Za ku ga bidiyo a TikTok da Facebook inda mutum ke cafke jirgi ya kife shi, injin ya mutu nan take. Gaskiya ne, jirage da yawa na kashe kansu in an kife su, don suna ɗauka sun faɗi. Amma kafin ya mutu sai ya yi kokowa da hannunka da iyakar ƙarfinsa, kuma a lokacin juyawar farfela na bi ta kusa da damtse da fuska. Mariƙin kyamara ma na shan wahala. Mu dai shawararmu, a bar wannan dabara sai in rimot ya ƙi aiki jirgin na hannu, babu wata hanya.

Lokutan da ba a kamawa sam

In iskar hunturu na kaɗawa da ƙarfi, ko hadari ya haɗo iskar gabansa ta taso, a bari. Ƙananan jiragen nan iyakar iskar da aka ƙera su su jure kamar kilomita 38 ce a awa, kuma tun kafin a kai nan suna rawa a wuri guda.

In magariba ta yi, a bari. Idanunsa na ƙasa suna bukatar haske, in duhu ya fara sai ya riƙa zamewa. Haka ma a kan ruwa, sheƙin ruwa na ruɗa su.

In batir ya kusa ƙarewa har jirgin ya fara sauka da kansa, kada ka tsaya gardama da shi, buɗe masa fili ya sauka. Mai hankali kan dawo da jirginsa tun da sauran caji, yadda in kamun farko bai yi ba yana da lokacin sakewa.

In jirgin ya bugi wani abu, ko farfela ta tsage, ko ƙararsa ta canza, a sauke shi ƙasa. In hannunka da gumi ko maiƙo, ko ranka a ɓace, ko ana ta kiranka ta ko'ina, a sauke shi ƙasa. Da bazara kuma ku tuna, akasarin ƙananan jiragen nan an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce haka. Batirin da ya kumbura a daina aiki da shi, kada a bar shi cikin rana ko cikin mota a rufe, yana iya kamawa da wuta. Duk wanda zai canza farfela ko ya share inji, ya fara cire batir.

Aikin sauran jama'a

Iyaye, malaman makaranta, masu gari da shugabannin samari, naku aikin ya fi na mai jirgi yawa. Ku gaya wa yara: jirgin nan ba tsuntsu ba ne, ba a binsa, ba a jifansa, ba a harbinsa da danƙo, ba a kai masa sanda. In ya sauko, a ja baya. Uwa mai goyo ta kula, fuskar ɗan da ke bayanta ko kafaɗarta na iya zuwa daidai da farfela ita ba ta gani ba. Masu dawaki da raƙuma wajen hawa su ma a sanar da su tun da wuri, don ƙarar na firgita dabba.

Mai biki kuma yana da haƙƙin ya ce wa mai bidiyo: kada ka bi da shi dab da kan mutane, kada ka leƙa da shi cikin gidajen maƙwabta, ga can inda za ka tashi ka sauka. Kai ka biya kuɗin aiki, baƙin kuma naka ne.

Jirgin da ba a san mai shi ba

Wannan magana ta fi ta yanka nauyi. Kun san inda muke zaune, ga iyaka da Najeriya, ga dajin Babban Rafi, kun kuma san halin tsaron da gundumar Madarunfa ke ciki shekarun nan. A yankin tafkin Chadi, da Mali da Burkina Faso, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun yi amfani da irin waɗannan ƙananan jirage wajen leƙen asiri, har da ɗaura musu abin fashewa.

Saboda haka in kun ga jirgi na shawagi ba ku san mai shi ba, ko kun tsinci wanda ya faɗi a gona ko a daji, kada ku taɓa, kada ku kai shi gida, kada yara su taru a kansa. Ku nisance shi, ku sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da jandarma ko jami'an tsaro mafi kusa.

Masu jirgi ku ma ku taimaki kanku. Sararin sama yana da hukuma, a Nijar ita ce ANAC mai kula da zirga-zirgar jiragen farar hula. Ku nemi izini yadda doka ta tanada, ku sanar da hukumomin wurin kafin ku tashi, ku nisanci barikin soja, shingen jami'an tsaro, bakin iyaka da daji. Hoton biki bai kai a kwana a tsare saboda shi ba.

In tsautsayi ya faɗa

Mai rimot ya fara kashe jirgin. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a riƙe kamar minti 10 ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a naɗe. Don Allah kada a zuba toka, ƙasa, garin taba, man inji ko man goge baki. In yankan ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba a jin taɓi, a tafi CSI nan take, a kuma tambayi allurar tetanus. In wani yanki na yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi tare da mai ciwon.

In ido ne, kada a murza, kada a danna, kada a ɗiga komai. A rufe shi da abin da ba zai taɓa ƙwayar ba, kamar gindin kofin roba mai tsabta, a nufi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba, don a samu a tura shi wajen likitan ido a Maraɗi.

Ga ƴan uwa na waje

Mun san da yawanku ku ke biyan mai bidiyo don ku ga bikin ƙanne daga inda kuke, wasunku ma ku ke aiko da jirgin don yaro ya samu sana'a. Allah shi saka da alheri. Roƙonmu, in za ku aiko, ku haɗa da kariyar farfela, wato zoben robar nan da ke kewaye ta, da farfela ta canji, da shimfiɗar sauka, da igiyar rataya rimot. Ga mai fara koyo, ƙarami ya fi. Akwai ma waɗanda aka ƙera musamman don su tashi daga tafin hannu su sauka a kai, irin DJI Neo da ya fito a 2024, mai nauyin giram 135, farfelarsa a cikin kariya. Shi ma dai ba abin wasan yara ba ne.

In kuma kun ga bidiyon gida an kama jirgi a tsakiyar taro, yara na kewaye, kada ku aiko da yabo kawai. Ku kira ku yi magana, ana jin maganarku.

Mu taƙaita, jama'a. Inda tabarma za ta shimfiɗu, a sauke a tabarma. In dole sai hannu, mai rimot ne ko wanda suka shirya da shi zai karɓa, hannu na jira jirgi na zuwa, kuma ba a motsawa sai farfela ta tsaya. Kowa kuma ya ja baya ya riƙe yaransa.

Masu sana'ar bidiyo na Gabi, Madarunfa, Safo, Ɗan Isa da Maraɗi, muna jiran saƙonninku. Ku gaya mana yadda kuke fama da yashi da iska, da abin da kuka ga mun manta, za mu saka muryoyinku a shiri na gaba. Shi kuma saurayin da ya ji ciwo, muna yi masa sannu, Allah shi ƙara sauƙi, shi kuma daidaita tsakanin gidajen biyu. Allah shi kiyaye mu da iyalanmu, shi ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mun ji daga gare ku.